Kawu, Da Gaske An Yi Haka?

Masu sayar da littattafan gwanjo, irin waɗanda ke shimfiɗa buhu a gefen titi su baza haja, sun san abin da iyaye ke nema. Da ka ce na yara kake so, sai mutum ya jawo maka tsibi guda: ga mai zanen jirgin ruwa irin na da, ga mai yaro riƙe da fitila a bakin lungu, ga mai doki da takobi. A irin wannan tsibi na tsinto wa ɗiyar ƙanwata, mai shekara 11, wani siririn littafi mai tambari a bango, sunansa The Slave Dancer. Na juya bayansa, na ga yaro ne jarumin labarin, na kuma ga ya ci lambar Newbery, wadda tun 1922 ake ba littafin yara da ya yi zarra a Amurka. Na biya, na jefa a leda tare da sauran.

Bayan kwana uku na leƙa gidan, na tarar da ita zaune a bakin ƙofar kicin, littafin a kife a cinyarta. Ko gaisuwar kirki ba mu gama ba ta ce, "Kawu, da gaske an yi haka? Da gaske an zuba mutane cikin teku da ransu?"

A lokacin ban karanta littafin ba. Na karɓa na tafi da shi, ban kwanta ba sai da na kai ƙarshe. Paula Fox ce ta rubuta shi, ya fito a 1973. Labarin wani yaro ne mai suna Jessie, ɗan shekara 13, da aka sace a birnin New Orleans a 1840 aka jefa cikin jirgin fataucin bayi, don kawai ya iya busa sarewa. Aikinsa shi ne ya riƙa busa, ana tilasta wa bayin da aka ɗebo daga gaɓar Afirka ta Yamma su yi ta tsalle a cikin mari, wai don kada jikinsu ya mutu farashinsu ya faɗi. Tun 1808 Amurka ta haramta shigo da bayi, saboda haka da aka hango jirgin hukuma ya doso, sai ma'aikatan jirgin suka shiga watsa shaida cikin ruwa, shaidar kuwa mutane ce. Jessie ya tsira, shi da wani yaro ɗan Afirka mai suna Ras. Ya girma, ya yi iyali, amma har abada bai ƙara iya sauraron kiɗa ba.

Amsar tambayarta ita ce e, an yi. Abin da na kwana ina juyawa a rai shi ne ko na yi ganganci da na miƙa mata littafin, kuma in ganganci ne, a wace shekara ce zai daina zama ganganci.

Iyaye da malamai da masu kula da laburare a Ingila da Amurka sun daɗe suna wannan muhawara, domin a can ne aka fi rubuta irin waɗannan littattafai: ƙagaggen labari na kasada, an ɗora shi a kan wani zamani da ya wuce, jaruminsa yaro, cikinsa kuwa da kisa da yunwa da bauta da cin amana. Wanda ke zaton marubutan yanzu ne suka lalace suka fara cusa wa yara jini, ya koma ya buɗe Treasure Island. Robert Louis Stevenson ya fara shi ne don ya nishaɗantar da agolansa, aka riƙa buga shi kashi-kashi a wata mujallar yara mai suna Young Folks daga 1881, ya fito a matsayin littafi a 1883. A cikinsa dawakai sun tattake makaho har lahira. Long John Silver, ɗan fashin teku mai ƙafa ɗaya, ya jefi wani bawan Allah da sandar da yake dogarawa, ya bi shi ya caka masa wuƙa, yaro Jim yana laɓe yana gani. Daga baya Jim ɗin da kansa ya harbe mutum. Fiye da shekara 140 ke nan ana ba 'yan shekara 10 wannan littafi, kuma da wuya ka ji wanda ya ce ya hana ɗansa barci.

Me ya sa? Domin Stevenson ba ya tsayawa a kan gawa. Mutum ya faɗi, labari ya yi gaba, hankalin yaro na kan taswira da akwatin zinariya. Ga shi kuma 'yan fashin, duk da akwai irinsu a tarihi, sun zama kamar dodannin tatsuniya: aku a kafaɗa, waƙar mashaya a baki. Yaro ya san wasa ake yi da shi, kuma yana son wasan.

Haka abin yake a The Wolves of Willoughby Chase na Joan Aiken, wanda ya fito a 1962. Akwai kyarketai masu bin jirgin ƙasa cikin ƙanƙara, akwai muguwar mai reno, Miss Slighcarp, da ta ƙwace gida ta tura 'yan mata biyu, Bonnie da Sylvia, wani gidan marayu inda ake kiran yara da lamba maimakon suna ana gasa musu yunwa. Amma Aiken ta yi dabara: Ingilar da ta zana ba a taɓa yin ta ba. Ta ɗora wani sarki James na Uku a kan gadon sarauta, ta haƙa rami a ƙarƙashin teku tun a 1832 don kyarketai su biyo ta ciki. Muguntar Miss Slighcarp ta yi yawan da har dariya take ba mutum. Yarinya mai shekara 8 za ta ji tsoro irin wanda ake ji a ƙarƙashin bargo, ta kuma tabbata a ranta cewa iyayen Bonnie za su dawo. Sun kuwa dawo.

Mu ma mun san wannan irin tsoro. Wanda ya tashi yana jin tatsuniya da dare ya ji Dodo ya haɗiye mutane, ya ji kishiyar uwa ta tura marainiya rafin da ba a dawowa, ya ji Gizo ya yi sanadin ajalin wanda ya amince masa. Ba a taɓa kiran taro a kan shekarun da suka dace da Dodo ba. Dalili kuwa, tatsuniya tana da ƙofar shiga da ta fita. Da an ce ƙurunƙus, an rufe. In yaro ya firgita cikin dare, uwa ta ce, "Kwanta, ƙarya ce, babu Dodo," magana ta ƙare.

Littafin tarihi ba shi da wannan ƙofa. Ba ni da bakin ce wa yarinyar nan ƙarya ce. A ganina a nan batun yake, kuma shi ne abin da lambar shekarun da ake bugawa a bayan littafi ba ta iya aunawa.

Ita kanta lambar ta jawo rigima. A 2008 manyan kamfanonin ɗab'i na Birtaniya suka yanke shawarar su riƙa buga alamar shekaru a bangon littattafan yara: 5+, 7+, 9+, 11+ da 13+. Hujjarsu mai sauƙi ce. Yawancin masu sayen littafin yara manya ne, kaka ce ko kawu irina da ya shiga kanti bai san inda zai dosa ba, to a taimaka masa. Sai marubuta suka yi ca. Philip Pullman ne ya shige gaba, aka tara sa hannun ɗaruruwan marubuta da masu zane, cikinsu har da J. K. Rowling da Terry Pratchett. Suka ce yaron da karatu ke ba wuya, mai shekara 11 da sai yanzu yake jin daɗin littafin da aka buga wa 7+, kunya za ta sa ya ajiye. Wanda kuma ya yi gaba, wani babba zai ƙwace masa littafi ya ce bai kai ba. Wasu kamfanonin suka ci gaba da bugawa, wasu suka bar wa marubuci zaɓi. Pullman ya san abin da yake karewa: littafinsa The Ruby in the Smoke na 1985 ya kai yarinya 'yar shekara 16 cikin gidajen 'yan ƙwaya na Landan ta 1872, kuma yara da ba su kai jarumar shekaru ba sun karanta shi.

Ni ina ganin kowane ɓangare ya faɗi rabin gaskiya. Kawun da ke tsaye a gaban tsibin littattafai yana bukatar wanda zai ja masa kunne, ni shaida ne. Amma lambar tana cakuɗa abu biyu da ba su haɗa hanya ba: wahalar kalmomi da nauyin abin da ake faɗa. Akwai yaro ɗan shekara 9 da ke karanta Turancin 'yan sakandare tiryan-tiryan, amma zuciyarsa ta ɗan shekara 9 ce. A wurinmu ma abin ya fi juyewa, domin Turanci ba harshen gida ba ne: sau da yawa sai yaro ya kai 14 kafin ya iya littafin da aka rubuta wa 'yan 10, ya ga labarin ya yi masa yarinta. Fim yana da hukumar da ke tantance shi a Birtaniya ta sa masa shekaru da ƙarfin doka. Littafi ba shi da wannan. Abin da ake da shi rabon 'yan kasuwa ne, rukunin 'yan 8 zuwa 12 da rukunin matasa daga 12 zuwa 18, kuma ko shi ɗin ya ruɗe: wani bincike na kasuwar littattafai a Amurka a 2012 ya gano kashi 55 cikin 100 na masu sayen littattafan matasa sun kai shekara 18 ko sun wuce, yawancinsu kuma don kansu suke saye. Marubucin da ya san manya ne ke biyan kuɗi, ba abin mamaki ba ne in ya ƙara gishiri. The Book Thief na Markus Zusak, wanda Mutuwa da kanta ke ba da labarinsa a Jamus ta zamanin Hitila, a Ostareliya a matsayin littafin manya ya fito a 2005, a Amurka kuwa aka jera shi cikin na matasa. Littafi ɗaya, kanta biyu.

To in an ajiye lamba, da me za a auna?

Na fi yarda da duba inda marubuci ya tsayar da yaro, da wanda ya tsayar kusa da shi. Ɗauki Smith na Leon Garfield, 1967. Yaro ne ɗan sane mai shekara 12 a Landan ta ƙarni na 18. Ya zare wa wani tsoho takarda daga aljihu, kafin ya bar wurin sai ga wasu mutum biyu sun kashe tsohon suna neman takardar. Smith bai iya karatu ba, saboda haka yana riƙe da abin da za a kashe shi dominsa, bai san me ke ciki ba. Yayyensa mata biyu sana'arsu gyaran tufafin waɗanda aka rataye, daga hannun hauni suke samowa su rage su sayar. Shi kansa sai da ya ɗanɗana kurkukun Newgate. Wannan duniya ta fi ta Aiken muni nesa ba kusa ba, kuma ta gaske ce. Amma Garfield ya haɗa yaron da wani makahon alƙali, ɗan sane yana jan hannun mai shari'a cikin ƙanƙara, kowa na bukatar ɗan'uwansa. Ga barkwanci a kusan kowane shafi. Mai karatu ɗan shekara 10 ko 11 ba a bar shi shi kaɗai a lungun ba.

Coram Boy na Jamila Gavin, wanda ya fito a 2000 ya kuma ci lambar Whitbread ta littafin yara, wani mataki ne daban. A tarihi akwai wani matuƙin jirgin ruwa, Thomas Coram, da ya gaji da ganin jarirai yashe a titunan Landan, ya yi shekaru yana fafutuka har ya samu izinin sarki a 1739, gidan tsintattun da ya kafa ya fara karɓar yara a 1741. Uwayen da ke kawo jarirai sukan bar wata 'yar alama, maɓalli ko tsabar kuɗi ko ƙyalle, ko Allah zai sa wata rana su dawo su gane ɗansu. Har yau alamomin suna ajiye a gidan tarihi a Landan. A kan wannan Gavin ta gina wani mugu mai suna Otis, mai yawo ƙauye-ƙauye yana karɓar kuɗi daga matan da suka yi cikin shege da alkawarin kai jariran gidan Coram, sai ya binne su a gefen hanya. Ɗansa Meshak, mai raunin hankali, shi yake sa wa haƙa ramin. Babu jini da yawa a wannan wuri, babu takobi. Amma na fi jin tsoron miƙa shi ga ɗan shekara 9 fiye da duk harbe-harben Stevenson, domin mugun uba ne, wanda aka cuta jariri ne, wanda aka sa aikin kuma yaro ne da ba shi da ikon cewa a'a. Abin da ke girgiza ƙaramin yaro ba yawan gawa ba ne. Ya ga babban da ya kamata ya kare yaro shi ne ke cutar da shi, kuma babu mai zuwa ceto, wannan shi ke hana shi barci. Irin wannan littafi na 'yan 13 ne zuwa sama, ko da kalmominsa ba su fi ƙarfin ɗan 10 ba.

Sai batun ƙarshen labari. Iyaye da yawa abin da suke tambaya ke nan: ya ƙare lafiya? Ba na raina tambayar, amma ta yi kaɗan. Private Peaceful na Michael Morpurgo, 2003, bai ƙare lafiya ba. Wani matashin soja ne a Yaƙin Duniya na Ɗaya yake ƙirga sa'o'in dare ɗaya yana tuna ƙuruciyarsa, domin da asuba rundunarsu za ta harbe yayansa bisa zargin ragwantaka. An yi hakan da gaske: sojojin Birtaniya da na ƙasashen da ke ƙarƙashinta 306 aka harbe bisa irin wannan zargi na gudu ko tsoro, sai a 2006 aka yi musu afuwa bayan ƙasa ta daɗe da cinye su. Ana karantar da littafin ga 'yan shekara 11 da 12 a makarantun Ingila, suna kuka, kuma ban ga aibun kukan ba. Yaron ya rufe littafi ya san wa aka zalunta, ya san wa ya yi zaluncin, ya ga ƙauna tsakanin wa da ƙane da ba ta karye ba. Baƙin ciki ne mai alƙibla. Wanda nake gudu shi ne labarin da ke barin yaro da jin cewa duniya duk ɗaya ce, mai kirki da mugu babu bambanci. Ɗan shekara 16 yana iya kokawa da wannan tunani, wataƙila ma yana bukatarsa. Ɗan shekara 10 ba shi da abin da zai dafa.

Akwai kuma wani ma'auni da ba a cika kawowa ba in ana zancen shekaru, ni kuwa shi na fi ba nauyi. Tunda yaro zai ɗauki littafin tarihi a matsayin abin da ya faru, to dole a tambaya: gaskiya littafin ya faɗa? The Boy in the Striped Pyjamas na John Boyne, 2006, littafi ne mai laushin harshe, babu zagi, babu kwatanta rauni, duk iyayen da suka duba shi sama-sama za su ce ya yi. Bruno, ɗan shekara 9, ɗan kwamandan sansanin Auschwitz, ya ƙulla abota da wani yaro Bayahude ta cikin waya, kullum suna zama suna hira, a ƙarshe ya kutsa ciki ya mutu tare da shi a ɗakin iska mai guba. An sayar da miliyoyi, an yi fim, malamai suka rungume shi. Amma a sansanin da aka kashe mutum kusan miliyan 1.1, akasarin ƙananan yara daga saukarsu jirgi ake wucewa da su wurin kisa. Wayar tana da lantarki da masu gadi. Ɗan babban jami'in Nazi da ya yi makaranta a Balin ba zai kasa sanin wane ne Hitila ko su wane ne Yahudawa ba. Mafi muni, mai karatu yakan ƙare yana tausaya wa iyalin kwamandan da suka rasa ɗa bisa kuskure, kamar dai sauran da ke ɗakin sun cancanci shiga. A 2020 gidan tarihin Auschwitz ya fito fili ya ce mai koyo ko koyar da wannan tarihi ya guji littafin. Ga littafi da zai tsallake duk wata tantancewa ta jini da ashar, amma ya fi cutar da fahimtar yaro fiye da wanda ya nuna masa gawa ya faɗa masa gaskiya.

Shi ma The Slave Dancer bai tsira daga irin wannan suka ba. Tun fitowarsa wasu marubuta da malamai baƙaƙen fata a Amurka suka ce an mayar da 'yan Afirkan da ke cikin jirgin tarin jikuna marasa murya, duk azabar da ake ji ta farin yaron ce mai kallo. Da na sake karantawa na ga inda suka dosa. Ɗiyar ƙanwata ma ta gani ba tare da kowa ya nuna mata ba, domin tambayarta ta biyu ita ce, "To shi Ras ɗin, daga wane gari yake? Ina mamarsa?" Littafin ba shi da amsa.

Wanda ke da amsa yana cikin harshenmu, kuma ya girmi duk waɗannan in ka cire Stevenson. A gasar rubutu da Rupert East ya shirya a 1933 a ƙarƙashin Hukumar Fassara ta Zariya, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki, wani matashin malamin makaranta daga Bauci, Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya kawo Shaihu Umar. Wanda ya karanta shi a aji zai tuna: an sace yaro ƙarami, kura ta cinye ɓarawon, mahara suka kama yaron, ya bi ayari ya ƙetare Sahara a hannun wani Balarabe, Abdulkarim. Uwarsa ta bazama nemansa, ita ma aka yaudare ta aka sayar, ta sha wuya iri-iri, ba su sake haɗuwa ba sai da ƙarfinta ya ƙare, ta gan shi ta cika. In ka jera abubuwan da ke cikinsa a takarda, satar yaro, cinikin mutane, mutuwar uwa, guguwar rairayi da ta binne ayari, wani kamfanin ɗab'i na Landan 13+ zai buga masa. Mu kuwa an karantar da mu shi muna ƙanana, kuma an yi daidai. Dattijo ne malami ke ba almajiransa labarin, cikin natsuwa, ya riga ya tsira, yana zaune a gabansu. Wannan murya ita ce hannun da ke riƙe da yaro. Sannan wanda aka sace shi ne mai magana, yana da suna, yana da uwa, yana da gari. Kada a manta littafin ya fito a 1934, shekara biyu kafin dokar 1936 da ta kammala soke bauta a Arewacin Nijeriya. Yaran farko da suka karanta shi suna da maƙwabta, wasu ma iyaye, da abin ya faru a kansu.

Ta ɓangaren Turanci kuma akwai The Passport of Mallam Ilia na Cyprian Ekwensi, haifaffen Minna, wanda ya fito a 1960 ya kuma zaga makarantun Nijeriya shekara da shekaru. Wasan shanci, kisan mace, ramuwar gayya da ta bi mutum har Makka ta dawo da shi, tsoho yana ba da labari a cikin jirgin ƙasa yana jin ajali na matsowa. Samari 'yan aji ɗaya na sakandare sun haɗiye shi kamar tuwon sallah. Abin da za a tattauna da yaro a nan ba jinin ba ne, ramuwar ce: me ta ci, me ta bar wa Iliya.

Sai dai akwai abin da ya sauya, kuma a nan nake sassauta murya. Ga yaro a Landan, satar yaro a kai shi wata ƙasa tarihi ne. Ga yaron da iyayensa suka baro ƙauyensu a Zamfara ko Katsina cikin dare saboda 'yan bindiga, ko wanda aka taɓa kwashe 'yan makarantarsu, babin farko na Shaihu Umar ba labarin zamanin da ba ne. Yara biyu masu shekara 12 a benci ɗaya, ɗaya zai karanta ya ji daɗin kasada, ɗaya zai ji ƙarar babura. Wani irin wannan yaro littafin zai zame masa magani, ya ga an taɓa yi wa wani, ya kuma rayu har ya zama malami. Wani kuwa fama masa miki za a yi. Babu lambar da za ta raba su. Sai malamin da ya san daga inda kowannensu ya fito, ya kuma bar ƙofa a buɗe ga wanda ke son ajiye littafin ba tare da an yi masa dariya ba.

Yara ma suna da nasu birki, abin da manya ke mantawa ke nan. Fim yana afka wa ido ko an so ko ba a so. Littafi kuwa sai yaro ya gina hoton da kansa, kuma da kayan da yake da su yake ginawa. Abin da bai sani ba yakan wuce ta kansa. In abu ya yi masa zafi yakan tsallake shafi, ko ya kife littafin, kamar yadda na tarar da shi a cinyar yarinyar nan. Wannan ba hujjar sakaci ba ce, domin akwai abin da in ya shiga ba ya fita, musamman fyaɗe da azabtarwa da aka kwatanta dalla-dalla, waɗanda ke yawaita a littattafan da ake yi wa 'yan 15 zuwa sama. Amma iyayen da ke fargabar littafi alhali wayar da ke hannun ɗansu tana nuna masa gawarwaki na gaske a WhatsApp, sun tsare ƙofa sun bar taga.

Da za a mayar da ni gaban mai gwanjon nan, zan sake sayen littafin, amma ba zan jefa shi a leda in miƙa ba. Zan karanta tukuna, dare ɗaya ne. Wataƙila in riƙe shi shekara guda, in fara ba ta Shaihu Umar, don ta fara jin labarin daga bakin wanda aka sace kafin ta ji daga bakin mai busa sarewa. Ƙanwata ba ta yarda da ni ba. Ta ce, "Yaya, yarinyar nan kwana biyu ba ta ci abincin kirki ba, kai kuma kana zancen wanne za a fara ba ta." Ban yi musu da ita ba, ita ta kwana da ita.

Tambayar garin su Ras kuwa, da na kasa amsawa, yarinyar ta kai ta ɗakin kakarta. Hajiya ta saurara har ƙarshe tana jan carbi, sannan ta ce ita ba ta san wani Ras ba, amma kakarta ita Hajiyar ta wajen uwa kamo ta aka yi tana yarinya daga wani gari a kudu, kuma har ta rasu ba ta iya tuna sunan garin ba, sai dai ta ce akwai dutse babba a bayan gidansu. Ni da na haura shekara arba'in a gidan nan, ranar na fara jin wannan magana.